Ɗalibi da Aikin Jama'a: Yadda Ake Samun Lambar Yabo da Tallafin Karatu

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata suna gama karatu a jami'o'i da manyan kwalejojin ƙasar nan, sa'an nan a rarraba su jiha-jiha domin su yi wa ƙasa hidima ta shekara guda. Jama'a sun san su da kakinsu da hularsu, sun saba ganinsu a aji suna koyarwa, ko a asibiti, ko a rumfar zaɓe. Amma mutane da yawa ba su san cewa Gwamnatin Tarayya ta tanadi babban sakamako ga waɗanda suka yi fice wajen yi wa garin da aka kai su aiki ba, watau lambar girma ta Shugaban Ƙasa, da aikin gwamnati, da ɗaukar nauyin karatu har zuwa digiri na uku.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa ɗalibai da iyayensu da shugabannin al'umma yadda abin yake, da hanyar da ake bi, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan mutanen gari. An ɗauki Gololo, wani gari cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, a Jihar Bauchi, ya zama misali. Dalili kuwa shi ne, garuruwan karkara irinsa su suka fi bukatar mai ilmi, kuma a cikinsu ne aikin mutum ɗaya yake fitowa fili kowa ya gani.

Daga Gayya Zuwa Hidimar Ƙasa

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan makarantar boko, in damina ta kankama aka ga ciyawa ta cinye gonar wani tsoho ko marar lafiya, sai sarkin samari ya kira gayya, a fita da fartanya a nome ta rana ɗaya. Haka ake yi wajen yashe rijiya, da cike zaizayar hanya, da share maƙabarta. Ba a biyan kowa lada, sai fura da goro. Duk da haka kowa ya san wanda ya fito da wanda ya noƙe, kuma ran da za a ba da aure ko a naɗa sarauta ba a manta da wannan ba. Ashe ke nan tun dā al'umma tana da hanyar yaba wa matashin da ya yi mata aiki.

Bayan yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama cikin Janairu 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi hanyar da za ta ɗinke ɓarakar da ta auku tsakanin jama'ar ƙasar nan. Ran 22 ga Mayu 1973 aka kafa Dokar Soja ta 24, wadda ta haifi Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, watau NYSC, aka naɗa Kanar Ahmadu Ali ya zama daraktanta na farko. Rukunin farko mutum 2,364 ne, aka rarraba su cikin jihohi goma sha biyu na wancan zamani. A 1993 aka sake dokar da Dokar Soja ta 51. Ƙa'idar ita ce a kira duk wanda ya sami digiri ko babbar difloma kafin ya wuce shekara 30, a kai shi jihar da ba tasa ba, domin ya san 'yan'uwansa na nesa, su kuma su san shi.

Karatu Tare da Aiki

Ba sai ɗalibi ya gama makaranta yake fara yi wa jama'a aiki ba. Ƙasashe da dama sun daɗe da gane cewa akwai ilmin da ba a samunsa cikin littafi. A ƙasar Meziko, tun 1936 aka fara aika ɗaliban likita ƙauyuka su yi aiki kafin a ba su takardar shaida. A Habasha, daga 1964 jami'ar Addis Ababa ta riƙa tura ɗalibanta karkara su yi shekara guda, galibi suna koyarwa, kafin su komo su ƙarasa karatu.

A nan gida, Jami'ar Ibadan ta buɗe aikin lafiyar karkara a Igbo-Ora a 1963, inda ɗaliban likita suke zuwa su zauna cikin jama'a. Jami'ar Ilorin ma ta shahara da tura ɗalibanta na likita ƙauyuka su yi makonni suna binciken ruwan sha da abinci da cututtukan wurin. A 1976 kuwa, sa'ad da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin Ciyar da Ƙasa, an fitar da ɗaliban manyan makarantu gonaki lokacin dogon hutu.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Ɗalibin likita ya karanta alamomin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, amma sai ya zauna a ƙauye zai gane abin da ke hana uwa kawo ɗanta asibiti da wuri: ko nisan hanya, ko rashin kuɗin mota, ko maigida ya tafi ci-rani babu mai ba da izni. Ɗalibin aikin malanta ya koyi dabarun koyarwa, amma sai ya tsaya gaban ajin da yara suka cika shi maƙil, waɗansu a ƙasa, ba littafi ba alli, zai san ko dabarun nan suna da amfani. Gari yana samun taimako, ɗalibi kuma yana samun ilmin da zai yi masa amfani har ƙarshen aikinsa.

Ƙasar Katagum ba ta rasa makarantun da za su yi irin wannan ba. A Azare, wadda take mazaunin Sarkin Katagum, akwai Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, wadda aka buɗe a 1977 da sunan babbar kwalejin horar da malamai, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. A Gadau akwai jami'ar Jihar Bauchi, wadda daga baya aka sa mata sunan Sa'adu Zungur. Ɗaliban waɗannan makarantu suna fita gwajin koyarwa da gwajin aikin asibiti, waɗansunsu kuwa 'ya'yan Gamawa ne da Gololo, masu komawa gida kowane hutu. Ko da yake masu takardar NCE ba sa cikin waɗanda ake kira hidimar ƙasa, ba abin da zai hana ƙungiyar ɗaliban gari ta buɗe ajin hutu ga ƙannenta. Wanda ya saba da irin wannan tun yana makaranta, in aka kai shi wata jiha ba zai tsaya neman inda zai fara ba.

Rana Ɗaya Cikin Mako

Shekarar hidima kashi huɗu ce. Da farko akwai horo na mako uku a sansani. Na Jihar Bauchi yana Wailo, cikin Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. Na biyu shi ne aikin da aka tura mutum, galibi makaranta ko asibiti ko ofis. Na uku shi ne aikin raya al'umma, wanda aka keɓe wa rana ɗaya cikin kowane mako. Na huɗu shi ne sallama da karɓar takardar shaida. Daga 2025 alawus ɗin da Gwamnatin Tarayya ke biyan kowane mai hidima ya zama Naira 77,000 a wata.

Aikin raya al'umma iri biyu ne. Akwai na ƙungiya, wanda ya wajaba a kan kowa: waɗansu suna ƙungiyar lafiya, waɗansu ta ilmi, waɗansu ta tsabtar gari ko kiyaye haɗarin mota. Akwai kuma na mutum shi kaɗai, wanda ba tilas ba ne, amma shi ne ya fi fito da mai himma. Ga yadda ake yinsa.

Na ɗaya, mai hidima ya zauna ya saurara. Ya je gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, ya tattauna da masu unguwanni da limamai da shugaban makaranta da ƙungiyoyin mata da na samari, ya ji abin da ya fi damunsu.

Na biyu, ya rubuta takardar neman izni, ya bayyana aikin, da kuɗin da zai ci, da inda za a samo su, da waɗanda za su amfana. Takardar tana bi ta hannun jami'in Hukumar na ƙaramar hukuma zuwa ofishin jiha. Ba a fara aiki sai izni ya fito a rubuce.

Na uku, a tara abin da za a yi aikin da shi daga jama'ar gari, da attajirai, da ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyi. Hukumar tana gargaɗin masu hidima kada su yi aikin da kuɗin aljihunsu, kada kuma su ci bashi dominsa. Hikimar wannan ita ce, kada ɗan mai kuɗi ya sayi yabo, ɗan talaka ya rasa. Sa'an nan abin da mutane suka sa guminsu da kuɗinsu a ciki shi suke tsarewa.

Na huɗu, a ajiye lissafi. Kowane kwabo da ya shigo da wanda ya fita a rubuta shi, a adana rasit, a ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa.

Na biyar, in an gama, jami'an Hukumar su zo su duba da idonsu, a buɗe aikin a gaban jama'a, a danƙa shi a hannun waɗanda za su kula da shi.

Me Gari Irin Gololo Yake Bukata?

Arewacin Jihar Bauchi wuri ne mai gajeriyar damina da ƙasa mai yashi, inda jama'a suka dogara ga noman gero da dawa da wake da riɗi, da kuma kiwo. Bauchi tana cikin jihohi goma sha ɗaya na Arewa da ake yaƙi da gurgusowar hamada a cikinsu. Saboda haka ruwa da itatuwa da karatun yara da lafiyar mata su ne abubuwan da mai saurare zai fi jin ana ambata.

A ɗauki dashen itatuwa. Kowa yana iya karɓo 'ya'yan darbejiya ɗari ya dasa a ɗauki hoto, amma in ba a yi shiri ba, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da su. Mai hankali zai dasa da farkon damina, ya sa a kewaye kowane tsiro da ƙaya ko kara, ya raba su gida-gida ko aji-aji, kowa ya san nasa da zai riƙa ba ruwa da rani. Itace hamsin da suka rayu sun fi ɗari biyar da suka bushe.

Haka kuma ruwa. Sau da yawa gari yana da famfon burtsatse da ya lalace saboda wani ɗan ƙarfe da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Gyara shi ya fi haƙa sabo sauƙi. Amma gyaran ba zai ɗore ba sai an kafa ɗan kwamiti mai tara taro da sisi domin sayen kayan gyara, an kuma koya wa wani saurayi na garin yadda ake kwance famfon a ɗaura.

Akwai ayyukan da ba sa cin kuɗi sam, sai lokaci da haƙuri: ajin yamma ga 'yan sakandare masu shirin jarrabawar fita da ta shiga jami'a, da ajin yaƙi da jahilci ga manya, da bin gida-gida tare da ma'aikatan lafiya ana jawo hankalin iyaye kan allurar riga-kafi da awon ciki. Kada a raina irin wannan. A 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu ciwon kurkunu a ƙasar nan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an rabu da shi, alhali ba shi da allura ba shi da ƙwaya. Da tace ruwa, da gyaran rijiyoyi, da bayani ƙauye-ƙauye aka kore shi.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne aikin ganin ido, irin su kafa allo mai ɗauke da sunan mutum a bakin hanya, ko ginin da ba wanda ya nema. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai hidima shekara ɗaya zai yi ya tafi, saboda haka aikin da ba zai tsaya da ƙafarsa bayan tafiyarsa ba, ɓata lokaci ne.

Matakan Yabo

Yabo hawa-hawa ne. A ƙarshen kowace shekarar hidima ana duba rahoton kowa, waɗansu su sami takardar yabo, waɗanda suka fi su kuma su sami lambar yabo ta jiha. Daga cikin zakarun jihohi ne kwamitin ƙasa yake tace waɗanda za a ba lambar girma ta Shugaban Ƙasa, wadda aka fara bayarwa tun 1974.

Masu zaɓe ba aikin raya al'umma kaɗai suke dubawa ba. Suna auna halin mutum a sansani, da zuwansa wurin aiki a kan kari, da shaidar da shugaban wurin aikinsa ya bayar, da yadda ya zauna da jama'a. Wanda ya gina aji amma ya riƙa barin ɗalibansa ba malami yana yawon neman gudummawa, ya yi tufka da warwara.

Sakamakon kuwa ba ƙarami ba ne. Cikin Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 110 wannan lamba, tare da aiki kai tsaye a ma'aikatun Gwamnatin Tarayya da tallafin karatu har zuwa digiri na uku. Cikin Yuli 2025, a zamanin Shugaba Bola Ahmed Tinubu, an girmama mutum 200 daga rukunan 2020 zuwa 2023 da irin wannan sakamako, da kyautar Naira 250,000 ga kowannensu. Ana kuma tunawa da waɗanda suka sami naƙasa a bakin aiki.

In aka gwada waɗannan adadi da dubun dubatar da ake sallama kowace shekara, za a ga masu samun lambar Shugaban Ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Gaskiya ce da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Wanda ya yi aiki don lamba kawai, in bai samu ba zai tafi da baƙin ciki. Wanda ya yi don jama'a kuwa, ko bai je Abuja ba, ya tafi da sanin yadda ake shugabantar mutane da riƙon amanar kuɗi, da takardun shaida da za su yi masa rana wurin neman aiki ko neman ƙaro karatu. A sani kuma ba a biyan ko sisi don a sa sunan mutum cikin waɗanda za a yaba wa. Duk wanda ya nemi kuɗi da wannan suna macuci ne, a kai ƙararsa.

Kada a Rikita Abu Uku

Iyaye da yawa suna haɗa abu uku wuri ɗaya, alhali kowanne da ƙa'idarsa.

Akwai sukolashif, wanda Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, da hukumomin jihohi, suke ba ɗalibai suna cikin karatu. Na tarayya ana dubawa ne da ƙoƙarin ɗalibi a jarrabawa. Kyauta ce, ba a biya.

Akwai rancen karatu, wanda aka sa hannu a dokarsa cikin Afrilu 2024, asusun NELFUND yake gudanar da shi domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, amma bashi ne: ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa.

Sa'an nan akwai tallafin da ke tare da lambar Shugaban Ƙasa. Shi wannan ba a cika takardar nemansa tun ana makaranta. Aikin da mutum ya yi cikin shekarar hidimarsa shi ne takardarsa, kuma na ƙaro karatu ne bayan digiri na farko.

Nauyin da Ke Kan Jama'ar Gari

Babu mai hidimar da ya taɓa yin fice shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da aka kawo Gololo daga Enugu ko Akure, watakila bai taɓa jin Hausa ba, bai san zafin bazarar Arewa ba. In ya sami masauki mai kyau, da wanda zai yi masa tafinta, da dattijon da zai gabatar da shi ga jama'a, cikin wata biyu ya zama ɗan gari. In kuwa aka yi ko oho da shi, sai ya nemi a mai da shi birni, makarantar garin ta rasa malamin lissafi ko na Turanci har shekara ta zagayo.

Mafi girman wannan nauyi shi ne tsaron rai. Cikin Afrilu 2011, a tarzomar da ta biyo bayan zaɓen Shugaban Ƙasa, an kashe masu hidima goma a Jihar Bauchi, waɗansunsu a ƙasar Katagum. Yara ne da iyayensu suka ba ƙasa amana. Bayan wannan abin baƙin ciki iyaye da yawa sun ji tsoron barin 'ya'yansu su zo Arewa, kuma makarantu da asibitocin karkara su suka fi jin jiki. Wajibi ne sarakuna da limamai da shugabannin samari su riƙa tuna wa jama'a cewa baƙon nan ɗan wani ne, kamar yadda ɗan Gololo da aka kai Kalaba ko Abakaliki yake hannun waɗansu.

Bayan tsaro sai shaida. In mai hidima ya yi aikin kirki, kada a tsaya ga godiyar baki. Dagaci da shugaban makaranta da kwamitin gari su rubuta takarda zuwa ga jami'in Hukumar, su faɗi abin da ya yi da gaskiya, ba ƙari ba ragi. Yaba kyauta tukwici. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci-gaban gari da masu hali su ma suna iya kafa tasu kyautar, ko da buhun gero ne ko kuɗin rajistar zango ɗaya, ga ɗaliban garin da suka ba da hutunsu wajen koyar da ƙannensu.

Kammalawa

Ana kira ga ɗalibai su fara tun suna makaranta, su fara da abin da ke gabansu. Ana kira ga shugabannin kwalejoji da jami'o'i su riƙa rubuta irin wannan aiki cikin takardar shaidar halin ɗalibi. Ana kira ga iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu gwiwa in an tura su karkara, su bar neman hanyar da za a mai da su birni. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi jami'in Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima a sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ko ofishin kula da al'amuran ɗalibai na makarantarsa. Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya da matasa masu kishinta.